Ɗakin Inna Da Takardar Izini

Ni na ja wa Inna. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina, in gama in hau keke in je in mari wasu.

Gidanmu na Tudun Wada tsohon gida ne. Kafin Baba ya rasu ya mai da ko'ina na bulo, ɗakin Inna kaɗai ya rage na ƙasa, don ta ce siminti zafi gare shi. A shekarar da nake magana bangon ɗakin ya tsage, tsagar da hannuna ke shiga. Ƙanena da ke zaman haya a Hanwa ya ce ta koma wurinsa. Ta ce nan aka kawo ta tana amarya, daga nan kuma za a fitar da ita a makara, kada wanda ya sake yi mata wannan zance. Sai muka yanke shawarar a rushe ɗakin, a gina mata na bulo kafin damina.

Maginin unguwarmu ya zo ya duba, ya ce, "Malama, mu fara ran Juma'a in an sauko daga masallaci. Asabar da Lahadi ma'aikatan hukuma ba sa zagaye. Kafin Litinin mun kai linta, wa zai ce me?"

Haka duk layinmu suka yi gininsu, na sani. Amma ni shekara talatin ina gaban allo a firamare ina koya wa 'ya'yan mutane bin doka. Na ce masa ni ba ɓarauniya ba ce da zan yi gini a ɓoye a gidan ubana. Ya yi dariya ya ce, "To Allah Ya ba da sa'a, Malama." Da na san abin da dariyar nan ke nufi!

Na sa aka yi mini zane, aka nuna tsohon ɗakin da za a rushe da sabon da za a gina. Na kai ofishin da ke ba da izinin gini. Suka ce takardar fili da sunan Baba take, in kawo ta gado daga kotu. Na kawo. Suka ce hoto. Na kawo. Suka ce mai buga hatimi ya tafi ɗaurin aure. Daga ƙarshe aka buɗe mini fayil, aka ce saura jami'i ya zo ya ga wurin da idonsa.

Nan jaki ya tsaya. Jami'in wani ƙato ne mai agogon zinare, kullum yana cin gyaɗa a kan fayilolin mutane. Yau mota ba mai, gobe direba ba lafiya. Na ce, "Yallaɓai, ga keke nan a ƙofa, ni zan biya, minti goma ne."

Ya ce, "Haba Hajiya, ai ba haka ake yi ba. Ke ma fa ma'aikaciya ce."

Na gane sarai na goro yake nema. Na yi kamar ban gane ba, don na tsani in sayi abin da yake haƙƙina. Wata uku ina zirga-zirga, duk dawowar da zan yi Inna ta tambaye ni, "An ba da takardar?" In ce saura kaɗan. Ta ce, "Ubanku dai bai tambayi kowa ba."

Ruwan ya zo ne wata Talata bayan la'asar, da iska. Allah Ya taimake mu Inna tana kicin tana tsince shinkafa. Bangon ya zube gaba ɗaya a kan gadonta, ya fizge har da kwanon ɗakina. Babu inda zan kwantar da ita. Ƙanena ya zo, ko kallona bai yi ba, ya sa ta a mota. Tana riƙe da ƙyauren zaure tana cewa, "Kwana nawa zan yi?" Na ce mako guda.

Bayan kwana tara sai ga jami'in, a mota, ashe ta samu mai. Ya buɗe zanen, ya dubi tarin ƙasa, ya ce, "Hajiya, zane ya nuna akwai ɗaki a nan. Ina ɗakin?"

Na ce ruwa ya rushe shi.

Ya ce, "To ai rushe gini ma sai da izini. Kuma zanen bai dace da wurin ba yanzu. Sai an sake sabo, a buɗe wani fayil."

Ban san ina da irin wannan murya ba sai ran nan. Na ce ya rubuta wa ruwan sama sammaci. Na ce gadon tsohuwa ne a ƙarƙashin ƙasar da yake takawa, da ta mutu da shi zan fara ambata a gaban Allah. Maƙwabta suka fito. Ya naɗe zanensa ya ce in ban iya magana ba fayil ɗina zai daɗe.

Juma'ar nan na kira magini. Bai yi mini gori ba, na gode masa da wannan. Ran Lahadi da yamma an kai linta, ran Laraba an buga kwano. Kwana shida. Ba wanda ya zo, ba wanda ya shafa mana jan fentin rusau a bango. Abin da na ƙi yi tun rani ke nan.

Muka ce a bar filasta ta sha iska mako biyu, saboda Inna ta kamu da tari tun ranar ruwan. Ba ta kai ba. A Hanwa ta rasu, a ɗakin da sai an nuna mata alƙibla kafin ta yi salla, kuma daga ƙofar gidan haya aka fitar da makararta.