Neman Fuskar Kakana a New York

Duk gwagwarmayar ɗan Adam, daga yaƙi har wa'azi, ƙarshenta kwali ne a ɗakin ajiya. Saboda irin wannan kwalin muka tashi da asuba daga Zariya, ni da mai ɗakina, muka doshi Abuja, ramukan hanya suna gwada mana ƙarfin ƙugu.

Gwaggona ce ta aike ni. Mahaifinta, wato kakana, yana yaro aka karɓe shi daga hannun masu fataucin bayi, ya tashi a gidan wani Bature ɗan mishan da ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙar bauta. Kakan ya rasu Gwaggo tana goye, ba ta san fuskarsa ba. An daɗe ana faɗa a gidanmu cewa Baturen ya ɗauki yaransa hoto, kuma takardunsa suna New York. Da ta ji ɗana ya aiko mana da tikitin zuwa can, sai ta riƙe hannuna ta ce, “Ka kawo min Baba in gan shi kafin in bi shi. Tsage uku ne a kowane kumatu, haka Inna ta ce.”

Jirgi dai kurkuku ne mai shayi. Mun sauka ƙafafu a kumbure, wani direban tasi ɗan Zangon Kumasi ya kwashe mu zuwa Harlem. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya dube ni ta madubi ya ce, “Baba, mutane suna zuwa neman dala, kai ka zo neman mamaci?” Na ce aƙalla shi mamacin ba ya tashi kullum kamar dala.

A layi na 116 muka ci shinkafa da kifi irin ta Senegal. Da daɗi, amma da na mayar da kuɗin zuwa naira sai ƙayar ta tsaya min a wuya. Wani ɗan Maraɗi mai sayar da atamfa ya ba mu shayi, ya kuma koya min jirgin ƙarƙashin ƙasa. Duk da haka sai da na yi kudu alhali arewa nake nufi.

Ɗakin ajiyar takardun na wata makarantar tauhidin Kirista ne. An karɓe min jaka da biro, aka ba ni fensir kamar ɗan aji ɗaya, ni da na yi ritaya ina hedimasta. Wuni na yi ina karanta Baturen. Mutum ne mai zuciya: zazzaɓi ya ci matarsa, hukuma ta tsane shi, bai fasa ba. Sai dai ya fi rubutu kan takalminsa da ke yoyo fiye da yaran. Su kuwa ya sauya musu suna, kowa ya ɗauki na wanda ya ba da sadaka a cocin Amurka. Sunan da muka san kakana da shi bai fito ko sau ɗaya ba.

Ana dab da rufewa, idona na raɗaɗi, na kai ga hotuna. Ga yara a jere cikin fararen riguna, a gefe ga wani mai tsage uku, ya ɗaure fuska irin ta gidanmu in an taɓa gado. Na ɗauki hoton gaba da baya da waya, na fita.

Mun dawo Zariya a gajiye, na sa aka wanke hoton. Gwaggo ta kai shi dab da ido, ta daɗe, sannan ta ce, “Ga hancin nan naka.” Ta rataye shi a saman gadonta, jikoki suna shiga gaishe shi.

Tafiyar ta koya min cewa wanda ya 'yanta ka ma yana iya mance sunanka, kuma jini ba ya ɓuya. Bayan mako guda, ina share hotuna daga waya, na karanta rubutun da ke bayan hoton namu. A Kongo aka ɗauki hoton, tun Baturen bai zo ƙasarmu ba.