Jarkar da Ta Yi Atishawa a Hanyar Shagari

Masu cewa taya ce ta fashe mana a hanyar Shagari, ku daina. Masu cewa bindiga ce, ku ji tsoron Allah. Jarkata ce, kuma ba laifina ba ne.

Mun tashi da asuba daga gidanmu a Bodinga, ni da jarkar maganin wanke ɗakin kaji. Gwaggona ta Shagari ce ta aike ni. Ciwo ya share mata kaji kaf, ga sababbin 'yan tsaki za a kawo mata washegari, dole a wanke ɗakin ya bushe kafin su iso. Maganin, farasetik asid, haɗin ruwan khal ne da haidirojin irin na wanke ciwo. Mai shagon da ya sayar mini ya ja mini kunne: a hankali yake rabuwa yana fitar da iska, zafi kuma yana ƙara masa gudu. Shi ya sa murfin yake da 'yar kafar numfashi. Ya ce in tafi da sanyin safiya.

Sanyin safiyar a tasha ya ƙare. Shagari ba nisa, amma mota ba ta tashi sai ta cika. Na ci masa, na sha kunu, na kalli buhunan albasar Danchadi ana lodawa har na gaji. Rana ta take muna nan.

Da muka shiga, wani dattijo mai babbar riga shuɗiya ya toshe hanci. "Ɗiyata, mi ag ga jarkag ga? Tsami ka tashi kamar an ɓarar da tsohuwar gasara."

Na ce, "Baba, magani ne, a bar shi a inuwa."

Na sauka sayen ruwa. Ashe direba ya yi mata abin da kowa ke yi wa jarkar man gyaɗa: ya shimfiɗa leda a bakinta, ya murɗa murfi, ya naɗe da roba, ya ɗaure ta a saman mota cikin rana. Ya ce mini tana baya. Na yarda.

Hanya lafiya lau, gonaki dama da hagu, shanu suna tsallaka titi kamar na ubansu. Can sai muka ji fam! Direba ya taka birki, wata mata ta yi salati ta danne ni, dattijon nan kuwa ban san sa'ad da ya fita ba. Ya laɓe a jikin mota, daidai inda maganin ke tsiyayowa daga jarkar da murfinta ya yi tsalle. Muka yi ta sheƙa masa ruwan leda. Allah ya tsare idonsa, amma riga ta yi dabbare-dabbare kamar zabuwa.

Direba ya ce, "Wallahi taimako niy yi, don kar ta zube."

Na ce, "Sannu da taimako, malam. Kai ma a toshe maka hanci a ɗaure ka a rana mu gani."

Na isa Shagari da rabin jarka mai zafi. Gwaggo ta shinshina ta ce, "Ai warin na nan, da ƙarfinai. Zuba mu wanke."

Na ƙi. Idan maganin ya rabu, khal yake bari, shi ne mai tsamin. Abin da ke kashe ciwon ya bi iska. Na kira mai shago, ya ce ba zai rantse a kan abin da ya rage ba. Gwaggo ta kalli ɗakin da ta kwashe gawar kajinta. Ta ce, "To 'yan tsakin, ina za su kwana?"

Na ce, "Ɗakinki, Gwaggo, cikin kwali."

"Ni da tsuhwana in kwana da kaji?"

"Dare ɗaya ne. Ko ki sake haƙa ramin binne kaji."

Ta tashi ta fara janye gadonta.

Da la'asar na dawo Bodinga a kan acaɓa. Abin da na koyo: wari ba shaida ba ne, kuma mai taimakon da bai tambaya ba ya fi ɓarawo ɓarna. Gobe da asuba yayana zai kai ni a babur, sabuwar jarka a cinyata cikin jiƙaƙƙen buhu. Ko sarki ya ce in miƙo ya riƙe mini, ba zan bayar ba.