Ƙwan Kazata da Cikin Yaya Hajara

Ranar Babbar Sallah ta shekarar da aka samu 'yancin kai, damina ta fara sauka a Tamawa, ina tsugune gaban Baba ina jiran hantar ragon layya. Shekarata tara, ni ce auta, kuma tun da na yi wayo bakina ne ke fara taɓa hantar nan. Baba ya gasa ta, ya barbaɗa gishiri da yaji, ƙamshi ya cika tsakar gida. Har na miƙa hannu, sai ya wuce ni ya ajiye akushin gaban Yaya Hajara, ya ce, "Bana taki ce." Na haɗiye yawu, na koma bayan rumbu na yi kuka mai isata.

Yaya Hajara ba ta wuce sha shida ba, ta dawo gida goyon ciki na fari. Kafin Sallah Baba ya kai ta asibiti a Dutsin-Ma kan jaki, saboda jiri da kumburin ƙafa. Malamin asibiti ya ja fatar idonta ya gan ta fari fat, ya ce ba ta da jini, ita kanta ba ta gama girma ba ga wani yana ci a jikinta. Ya ce a ba ta hanta, wake, zogale, nono da ƙwai. Tun daga nan gidanmu ya zama na Hajara. Ni ce surfe, ni ce ɗebo ruwa, ni ce korar awaki daga shuka, ita kuwa tana miƙe kan tabarma ana tambayarta me ranta ke so. Duk wannan na daure. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne kazata wake-wake, wadda nake tara wa ƙwai ta kwanta. Kullum Inna sai ta zare ɗaya ta dafa wa Yaya a ɓoye cikin madafi, don kada Kaka, mahaifiyar Baba, ta gani.

Na san dalilin ɓoyon sarai. Wata safiya na kai wa Kaka kunu, na yi fuskar marar laifi na tsegunta mata. Ta taso da sandarta tana faɗa: "Ƙwai ga mai ciki? Ɓarawo kuka so ta haifa muna? Ku yi ta ɗura mata nama ɗa ya yi ƙato, ta ina za shi fito?" Baba ba ya musu da uwarsa. Aka mayar da Yaya kan kunun kanwa da tuwo da miyar kuka tsurarta. Ni kuwa ranar har da tsallen murna na yi a ƙofar gida, kazata ta kwanta kan ƙwanta. Da na kama Yaya tana ɓantarar ƙasar bangon ɗaki tana ci, dariya na yi mata, ban san jikinta ne ke roƙon abin da na hana shi ba.

Ta haihu ana tsakiyar noman farko, bayan wuya ta kwana biyu. Jaririn ɗan mitsitsi, kukansa kamar na mage, nono kuma ya ƙi zuwa. Bai kai ranar suna ba. A makon nan kazata ta ƙyanƙyashe. Yaya tana jingine a ƙofar ɗaki, ta bi 'yan tsakin da ido suna bin uwarsu, ta ce a hankali, "Auta, naki dai sun yi rai." Ba ta taɓa ƙara ko kalma a kai ba har ta bar duniya.

Yanzu jikokina kan dawo daga awo da maganin ƙarin jini, suna lissafa mini abin da mai ciki za ta ci, ba mai ɓoye ƙwai a madafi. Na san rai na Allah ne, kuma Kaka tsoron ta rasa jikarta ne ya sa ta. Ni ce ba ni da hujja sai hassada. Har yau in na ga ƙaramar yarinya da ciki a unguwa, sai na dafa ƙwai na kai mata, na zauna sai ta cinye a gabana.