Ƙwaro Mai Ƙafa Goma Sha Shida

Shekarar da na shiga aji na biyu a kolej, idon kakana ya soma yana. Mahaifin innata ne, rumfarsa ta gyaran rediyo kuwa tana bakin kasuwar Buza tun ba a haife ni ba. Bai faɗa wa kowa ba. Ni na lura da kaina, don na ga ya daina duban abin da ke hannunsa, sai ya kafa wa bango ido yana lalube da farce. Da ya gane na gane, ya ce wa innata ta riƙa turo ni in an tashi lakwal, wai in share masa rumfa. Ban taɓa riƙe tsintsiya a wurin ba. Ƙarfen liƙi ya miƙa mini, irin wanda ake gasawa a gawayi, ya koya mini narka dalma a kan waya ba tare da ta yi ƙurji ba.

A ƙarƙashin teburinsa akwai wani akwatin katako da ya zo da shi daga Abijan, inda ya yi shekaru wurin wani mai gyaran kayan kiɗa. Gaban akwatin jerin farantan sanholo ne masu ramuka, ana soka waya a haɗa wannan da wancan. Ɗaya yana kuka kamar sarewa, ɗaya yana ƙwas kamar an ƙwanƙwasa ƙwarya. Akwai kuma wanda ba ya sauti ko kaɗan, sai wata ƴar jar fitila tana ƙyaftawa daidai da daidai. Shi yake kira agogo, domin shi ke ba sauran lokacin bugu.

Tsakanin agogo da masu sauti ake sa mai rabo. Aikinsa ya ƙirga bugun agogo, ya raba shi ƙofa-ƙofa. Kaka ya daɗe da haɗa mai raba biyu da mai raba huɗu, amma ya ce waɗannan tafiyar soja ce. Shi uku yake so. Yana yaro a Allakaye, uwarsa da ƙannenta biyu sukan yi lugude a turmi ɗaya, taɓarya uku, kowace ta faɗa a lokacinta ba ta taɓa ƴar'uwarta ba. Wannan yake so ya ji daga akwatin kafin idon ya rufe gaba ɗaya, tun yana iya ganin fitilu uku suna bin juna.

Abin da ke yin ƙirgar wani ɗan baƙin abu ne da bai kai tsawon yatsana ba, mai ƙafafu takwas a kowane gefe. Ƙwaro yake ce masa. Yana ƙirga har goma, kowane ƙirge da ƙafar da yake fita, in kuwa aka ɗaure ƙafar ƙirge na huɗu da ƙafar da ke mai da shi farko, sai ya tsaya a uku ya koma. Kaka ya yi ta faɗa mini, ni kuma na zana a bayan kayena, littafin da nake rubuta lissafi. Ƙwari uku ya zo da su, biyu sun shiga aiki, saura ɗaya, tsoho, wanda aka ciro daga wani allo. Ya sha aiken direbobi Madawa da Tawa, kullum wani abu daban suke kawo masa.

Doka ɗaya ya fi maimaita mini. Ƙwaro yana da kai, wani ɗan tsagi a gefe guda, daga nan ake fara ƙirga ƙafafu. In aka juya kan, wuta za ta shiga ta inda ya kamata ta fita, shi ke nan ya mutu. Idan mu biyu ne nakan tsokane shi, in ce shi ma ya manta inda nasa kan yake, ya ce amarya mai baki ba ta daɗewa gidan miji. Amma da wani ya leƙo, sai muryata ta ɗauke. Haka nake har a aji.

Mun yi sati uku muna shirya allon mai raba ukun. Ranar da za a dasa ƙwaron ta faɗo ranar kasuwa, ga shi Kaka ya riga ya cika baki. Telan da ke maƙwabtaka da shi, abokin wasansa tun suna samari, ya jawo benci tare da wasu dattawa biyu.

"To, maigyara, yau dai mu ji matan nan naka na Allakaye," in ji tela. "In sun yi daka da kyau, ni na ɗauki ta tsakiya."

"Kai da ba ka iya zura zare sai jikanka ya zo? Zamna ka ga aiki."

Ya ɗauki ƙwaron ya bi gefensa da farce. Ina tsugune kusa da kaskon gawayi, ina ganin abin da bai gani ba. Tsagin ya cike da busasshen ƙaro tun daga tsohon allo, ya yi sumul. A ɗaya gefen kuma akwai wani ɗan zagayen tabo da ya fito da shi tun daga wurin ƙira. Farcensa ya wuce tsagin, ya tsaya a kan tabon. Ya gyaɗa kai, ya soka ƙafafun a ramuka, kai a wurin gindi.

Na buɗe baki na rufe. In na ce ya juya, na faɗa wa tela cewa Kaka ba ya gani, abin da tela ya ji kuwa kasuwa ta ji, kuma wa zai sake kawo rediyonsa wurin makaho? Ban da haka, a gidanmu yaro ba ya gyara wa babba a gaban mutane. Na ce a raina bari ya waiwaya in juya shi da kaina. Sai dai yadda muke aiki, shi yake danne ƙwaro da babban yatsa ta sama, ni in liƙe ta ƙasa. Bai ɗaga yatsan ba.

"Amarya, ƙarfe ya yi zahi. Bisimilla."

Na liƙe ƙafa ta farko, ta yi kyau, tana ƙyalli. Kowace ƙafa sai na mai da ƙarfe cikin gawayi na jira, kuma a kowane jira zan iya magana. A ta takwas na yi tari, ya tambaya ko hayaƙi ne, na ce i. Sau goma sha shida. Ban taɓa yin liƙi mai tsabta irin na ranar ba, har ɗaya daga cikin dattawan ya yaba hannuna.

Ya haɗa batir. Fitilar agogo ta ci gaba da ƙyaftawa, fitilu ukun nan kuwa ko ɗaya bai kama ba. Sai wani ɗan wari, kamar an ƙona leda. Kaka ya taɓa bayan ƙwaron ya janye yatsa da sauri, ya cire wayar batir. Tela ya ce matan sun tafi rijiya, aka yi dariya, Kaka ma ya yi, ya ce tsohon ƙwaro ne, raɓar Abijan ta cinye shi tun tuni.

Bayan sun watse zuwa sallar la'asar, ya nemi allura. Ya bi gefen ƙwaron a hankali har ta nutse, ƙaron ya ɓantare, tsagin ya fito. Ya daɗe yana shafa wurin.

"Kin gane shi?"

Na ce i, ina duban tokar kasko.

"Tun yaushe?"

"Tun kana sokawa."

Na zaci faɗa zai yi. Bai ɗaga murya ba, kuma bai ce mini amarya ba.

"Ɗiyata, ido na ara wurinki. Kunya ina da tawa."

Ya sa ni na tura akwatin ƙarƙashin tebur. Na ci gaba da zuwa har ƙarshen shekarar, muna gyaran rediyo, amma duk abin da na ce masa daidai ne sai ya sake tambaya ta sau biyu, wani lokaci ya kira tela ya duba. Da kansa ya gaya wa telan zancen idon, cikin satin nan.

Bai ƙara aiken direba ba. Da damina ta faɗi, kawuna ya zo ya tafi da shi Allakaye, lokacin ko fitilar agogo ba ya gani. Ranar da ake ɗaure kayansa na tsaya a bakin rumfa, ina so in ce masa zan nemo wani ƙwaron ko daga Yamai ne, in haɗa in kai masa ya ji ko da kunne. Mutane sun cika wurin ana sallama. Na riƙe masa buta har ya hau mota.