Garayar Kakana, Jitar Jikana

Wani ƙugi ne ya ratso bangon ɗakina a unguwar Park Hill, nan ƙasar Turawa, kamar an rufe taron zuma a cikin tulu. Ina zaune da hantsi ina tsince wake, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Ba tsoro ba ne. Sanin sautin na yi, alhali rabona da shi tun ban isa ɗaura zane a ƙirji ba.

Jikana ne, ɗan babban ɗana, yake kaɗa jitarsa mai lantarki. Na tura ƙofa na same shi ya shafe fuska da fari, ya zagaye idanu da baƙi.

"Angona, wa ya mutu?"

"Ba kowa, tsohuwa. Kwalliya ce."

"Da wannan fuskar za ka zo zance wurina? To na fasa auren."

Ya yi dariya, ya zaunar da ni a bakin gado. Hausarsa gurguwa ce, rabinta Turanci, amma na tsinci abin da zan tsinta. Sunan kiɗan wai bilak metal. Samarin Turawa ne suka rene shi can ƙasashen ƙanƙara, inda rana ke ƙyuyar fitowa. Haushin coci suke ji, wai ta binne abin da kakanninsu suke bauta wa, har wasu marasa hankali a cikinsu suka cinna wa coci-coci wuta, aka ɗaure su. Suna fentin fuska kamar gawa, suna kururuwa a maimakon waƙa. Daga baya kiɗan ya bazu duniya, kowa yana kukan abin da ya dame shi, wani dajin garinsu, wani yaren da ya suɓuce masa. Ya ce shi bai ƙona komai ba, sallarsa ma ba ta wuce shi. Na ce to me ya sa sautin yake da datti haka, ko jitar ce ta lalace? Ya ce da gangan ne. Na farkon ma da ruɓaɓɓun na'urori suke ɗauka, ba sa son ya fita tas.

Maganar kakana ke nan sak.

Kakana na wajen uba makaɗin garaya ne, na 'yan bori, kuma ban taɓa sunkuyar da kai don wannan ba. A kan garayarsa akwai wani ɗan gwangwani da ya huhhuda ya saka wa zobba, da ya taɓa tsirkiya sai su ɗauki zuza. Yakan ce iskoki ba sa amsa kira mai tsabta, sai wanda ya dishe. Idan kaka ta yi, rumbuna sun cika, gidanmu ba ya rabo da baƙi. Ƙanshin turaren wuta, da na sabon gero da ake surfawa, mata sun jeru suna dukan ƙwarya, ni kuwa ina manne da gwiwarsa ina jin kiɗan a cikin haƙorana. In an watse, sai ya rataye garayar fuskarta na kallon bango, kada ta kira wani ba da saninsa ba.

Babana ya tafi gabas karatu, ya daɗe, ya dawo da gemu da littattafai. Mutum ne mai ladabi, kada ku ɗauka wani abu. Wata safiya da damina, ƙasa na ƙanshin ruwan da aka kwana yi, ya sauko da garayar, ya durƙusa gaban ubansa har ƙasa. Ya ce, "Baba, ka yafe mini, Allah na fi tsoro." Ya sa aska ya yanke tsirkiyoyin duka biyun.

Kakana ya dube shi ya ce, "Ka gama? To mayar da ita inda ka ɗauko."

Bai ƙara magana a kai ba har ya bar duniya. Ya ga damina da yawa bayan nan, yana zaune a gindin dalbejiya, yatsunsa na motsi a kan gwiwa, ba sauti. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Ya daina kirana amarya, ya daina tsokanata a kan kitso. Ina kallo. Yarinya ce ni, wa zai tambaye ni?

Na girma na zama mai baki. A unguwarmu can gida ba a ɗaura aure ko a raba faɗa ba a aiko mini ba, ni da ko alif ban sani ba. Na ɗauka irin wancan kallon na gama shi.

Sai ga shi wani a masallacin Port Richmond ya nuna wa ɗana bidiyon yaron a waya, da fuskar nan, yana kururuwa gaban Turawa. Ɗana ya ajiye tasin da yake tuƙawa da rana tsaka ya dawo gida. Ya ce wa yaron ko jita ko gidansa. Na miƙe na ce ni na haife ka, kuma ban yarda ba. Sai ya durƙusa, irin durƙuson babana sak.

"Inna, ki yafe mini. Mutanen da suka ƙona ɗakin ibada, su zan bari a yi koyi da su a gidana? Da wace fuska zan shiga sahu?"

Maganarsa ba ƙarya ba ce duka. Yaron ma ba ƙarya yake ba. Da la'asar ya goya jitarsa, ya tsuguna gabana ya ce, "Matata, kar ki auri wani kafin in dawo." Ta taga na ga ya hau bas ɗin da ke zuwa bakin jirgin ruwa.

A garinmu, yaron da uba ya kora ba ya kwana a titi. Ɗakin kaka yake nufa, ta shimfiɗa masa tabarma, kuma uban bai isa ya tsallaka ƙofarta ba har zuciya ta huce. Ƙarfin tsohuwa ke nan, tana da ƙofar kanta. A nan kuwa ɗakin da nake kwana na ɗana ne, mabuɗin nasa ne, ko lambar bas ban iya karantawa ba balle in bi sawun yaron.

Jiya ya bugo waya. Yana kwana a falon wani abokinsa, ya ce sanyi ya fara shigowa.

"Tsohuwa, in zo?"

Na dubi ƙofar ɗakin ubansa, tana rufe. Na rage murya.

"Angona, ka nemi bargo tukuna."