Halilu Mai Sauraron Pompi

Halilu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka tun muna yara ba ni da aikin da ya wuce tsokanarsa, kuma ban taɓa zaton wata rana zan ajiye keken ɗinkina in zauna ina yabonsa a rubuce ba. Gajere ne, ga kunnuwa fatan-fatan, ga nawar magana. Kafin ya gama gaisuwa ka ci tuwo ka wanke hannu. Sana'arsa gyaran famfon tuƙa-tuƙa, wanda mu nan Arewa muke ce wa pompi. Gidansa yana Dogon Dutsi, katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma aikinsa yana daji: ƙauyuka goma sha ɗaya ne a hannunsa, daga bayan Matankari har yankin Dogon Kiriya, inda ruwa yake can ƙasa da nisa.

Sauran masu gyara idan suka zo, sai su fara zaro tiyo, wato bututun ruwa, ɗaya bayan ɗaya har su ci karo da ɓarnar. Halilu ba haka yake yi ba. Yana sauka daga moto, wato babur ɗinsa, sai ya nufi darni mafi kusa ya zari karan gero, ya ɗora baki ɗaya a kan pompi, ɗayan ya manna a kunnensa, ya ce wata mace ta tuƙa. Sai ya rufe ido. Bayan ɗan lokaci ya buɗe ya ce robar ƙasa ce ta cinye, ko tiyo na bakwai ya huje, ko sandar ƙarfen ciki ta kwance. Ni nakan ce masa ai da dalili Allah ya ba shi waɗannan kunnuwa, shi kuma ya yi murmushi ya ce in ci gaba da ɗinkina. Cikin shekara goma sha biyu, sau biyu kawai na ji an ce kunnen ya yi kuskure.

Zaro tiyo ba aikin mutum ɗaya ba ne. Kowane ɗaya ya fi tsawon mutum, cike da ruwa, kuma akan sami goma sha biyar ko ashirin a jere. Pompi kuwa da rani yake lalacewa, lokacin da maza duk sun tafi cin rani. Don haka mata ne suke riƙe masa. Su ɗaga, shi ya kwance, su jera a kan itace don kada ƙasa ta shiga. Ya saba da su har yana kiran kowace da sunan ɗanta na fari, amma a ganinsa hannuwa ne kawai suke ara masa.

Sai hanya ta ɓaci. Wata ranar Laraba da hantsi, yana dawowa daga wani ƙauye da ake kira Tungar Bauna, 'yan bindiga suka tare shi, suka kwantar da shi a rairayi, suka ɗauke moto. Wawan nan, maimakon ya yi shiru, sai ya ɗaga kai ya roƙe su su bar masa jakar kayan aiki. Ɗayansu ya zazzage ta, ya ga ƙarafa ne, ya shure ta da ƙafa. Halilu ya tattara, ya ɗora a ka, ya taka har Dogon Kiriya. Da ya iso gida ƙafafunsa sun kumbura, matarsa Zubaida ta dafa ruwa tana gasa masa tana kuka, ni kuma ina tsaye a kansa ina zazzaga masa faɗa, don tsoron da na ji ya fi ƙarfin in yi shiru. Wata biyu bayan haka aka kashe Adamu, ɗan kabu-kabun da yakan kai shi wani lokaci, a kan wannan hanyar.

A nan ne wansa Ja'afar, wanda ya daɗe a Buwake ta ƙasar Kodebuwa, ya fara kira. Ya ce kamfanin haƙa rijiyoyin da yake wa tuƙi yana neman mai gyara irin Halilu. Akwai ɗaki, akwai asibiti kusa, 'ya'yansa mata biyu za su yi karatu ba tare da an rufe lakkwal, wato makaranta, yau an buɗe gobe ba. Zubaida ta ce ita kam ta gaji da zama a bakin ƙofa tana duban hanya. Ni ma na ce ya tafi, na faɗa masa da babbar murya ta kan katanga har maƙwabta suka ji.

Bai musa ba. Shi ma yana son tafiyar, kuma bai ɓoye cewa yana jin tsoro ba. Ya ce mini tun ranar nan, in ya ji ƙarar moto a bayansa sai ya waiga. Abu ɗaya ne ya riƙe shi. Idan pompin Tungar Bauna ya mutu, matan garin sai sun koma tsohuwar rijiya da ke cikin kwari, tafiyar awa biyu, daidai inda 'yan bindigar nan suke ratsawa. Haka sauran ƙauyukan. Ya ce ba zai iya cin shinkafa a Buwake ba yana sane da haka.

Sai ya ce zai koya wa wani, sannan ya tafi. Ya zaɓi magidanta uku masu ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta fama da su. Na farko yana iya riƙe kile, wato sifana, sai ya wuce Libiya. Na biyu ya tafi haƙar zinariya. Na uku ya nufi Ikko, ya tafi masa da kile guda. Ba na ganin laifinsu, abin da ya kori kowa shi ya kore su. Amma shekara ta zagayo Halilu yana nan inda yake, yana bin motar kasuwa da amalanke zuwa daji, Zubaida ta daina yi masa maganar, wanda ya fi faɗan ciwo. Ja'afar ya kira ya ce in babbar salla ta wuce, za a ba wani aikin.

Ana saura wata uku salla aka aiko daga Tungar Bauna pompi ya tsaya. Ya je, ya zari karansa kamar kullum. Cikin matan da ke tsaye akwai Rakiya, mai kimanin shekara hamsin, doguwa, marar yawan fara'a, wadda ita ce take riƙe tiyo na farko tun zuwansa na farko garin. Kafin kara ya kai kunnensa ta yi magana.

"Kak ka wahal da kanka, Malam Halilu. Robar ƙasa ta. Kwana ukku ke nan shina shan iska kahin ruwa su taho."

Ya ce mini ransa ya ɗan sosu. Ya saurara duk da haka, ya ji abin da ta faɗa ne, amma bai ce komai ba sai da suka zaro tiyo goma sha takwas, ya ga robar ta cinye ta gefe ɗaya. Ya tambaye ta wa ya gaya mata.

"Shekara goma sha biyu muna riƙe ma tiyo, kana tsammanin idanunmu ruhe suke? In ka tahi mu ma kara mukan ɗauka mu saurara. Kana ta biɗar maza, maza na tahiya. Mu ina za mu?"

Da ya dawo ya ba ni labarin, na yi masa dariya har na riƙe ciki. Mutumin da yake jin roba tana cinyewa a ƙarƙashin ƙasa, bai ga matan da ke tsaye a gabansa ba. Bai yi gardama ba, ya ce kunya ta kama shi tun daga can har gida. Ni ma, in faɗi gaskiya, mace ce ni kuma abin bai taɓa zo mini a rai ba.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wasu dattawa suka ce ƙarfe ba na mata ba ne, wani ya ce in tiyo ya kuɓuce ya faɗa rami wa za a kama. Halilu ya zauna a gaban maigari, da wannan maganar tasa mai kamar ana jan guga, ya ce ya yarda, su ba shi namiji ɗaya da zai rantse ba zai bar garin ba rani da damina. Ba a samu ko ɗaya ba. Mijin Rakiya, tsoho mai ciwon gwiwa, ya ce shi dai ruwa yake so a randarsa.

Wata uku ya yi yana koyarwa. Rakiya da mata huɗu a Tungar Bauna, sannan bibbiyu daga sauran ƙauyukan, suna zuwa ranar kasuwa. Bai sassauta musu ba ko kaɗan. Yakan kore su zuwa bayan darni, ya kwance wani abu da gangan ko ya mayar da tsohuwar roba, ya kira su ya ce su nemo da kunne. Wadda ta yi kuskure sai an zaro tiyo duka ta gani da idonta. Ya koya musu ɗaure kowane tiyo da igiya kafin a kwance shi, da yadda ake gane roba ta kirki a kasuwar Dogon Dutsi. Ranar da ya rufe bakinsa ya zauna a inuwa suna gyara su kaɗai tun daga farko har ruwa ya zubo, ranar ya dawo gida ya ce wa Zubaida ta fara ɗaure kaya.

Jakar nan da ya roƙa a bakin bindiga, Rakiya ya bar wa. Kwana huɗu bayan salla muka raka su tasha da safe. Na yi niyyar in tsokane shi kamar kullum, amma na kasa. Na ji ciwon tafiyarsa fiye da yadda na zata, ni da na fi kowa cewa ya tafi.

Bai tafi duka ba. Rakiya tana da waya da ɗanta ya aiko mata, saboda haka idan wani pompi ya rikice musu sai ta hau tudu inda ake samun layi, ta tura masa saƙon murya: ta manna wayar a jikin ƙarfen, wata tana tuƙawa. Shi kuma a Buwake ya toshe kunne ɗaya ya saurara, ya mayar da amsa. Zubaida ta gaya mini ita ta shirya ɗakinta tsaf, yara sun shiga makaranta, amma Halilu ya ƙi kwance jakar tufafinsa. Tana nan ɗaure a bayan ƙofa, in ya wanke riga sai ya mayar ciki. Ya ce ranar da abin ya fi ƙarfinsu, motar farko zai hau. Haka suka yi shekara guda, tana kallon jakar nan kullum.

Sai saƙon ya ragu, daga baya ya ɗauke har wata biyu. Halilu ya rame, ya yi ta kirana in tambayi 'yan kasuwa ko lafiya a Tungar Bauna. Kafin in samo labari, wata Juma'a da la'asar saƙo ya shigo masa. Da farko babu magana, sai ƙarar pompi ana tuƙawa da ruwa yana zuba a bokiti. Can ƙarshe muryar Rakiya ta fito.

"Sandar ciki ta tak katse, tiyo na sha huɗu. Mun gyara shi jiya. Ba tambaya ba ta, Malam Halilu, cewa niy yi dai ka ji."

Zubaida ta ce sau uku ya saurara, ido a rufe, kamar yadda yake yi da kara. Ya ce mata pompin lafiyarsa lau, ko shi iyakar abin da zai yi ke nan. Ya share fuska da hannun riga. Sannan ya tashi ya jawo jakar daga bayan ƙofa, ya kwance igiyar, ya tambaye ta ina zai ajiye rigunansa.