Sanatocin Amurka a Zauren Baffa

Ranar wata Alhamis a ƙarshen damunar 1993, Baffa Adamu ya shigo zaure da wata doguwar takarda a naɗe a hammatarsa, ya aike ni in samo ƙusa huɗu. Da dutse ya kafa ta a bango. Hotunan mutum goma sha biyu ne a jere, galibinsu tsofaffin Turawa masu murtuke fuska, kowa da rubutu a ƙarƙashinsa. Ya ce sanatocin Amurka ne na da, waɗanda suka yi suna, kowanne da jihar da ya wakilta. Sannan ya dube mu, ni da ɗansa Sabo, ya ce, "Wata guda na ba ku. Wanda ya haddace kowane mutum da jiharsa, shi zan kai boko. Ɗayan ya bi shanu."

Baffa wan mahaifina ne. Da babana ya rasu ya bar shanu bakwai, sai aka kwashe mu, ni da Inna da shanun, zuwa gidansa a Ngojin. Masinja ne a wani ofis, amma ba shi da zance sai Amurka. Kullum rediyo na manne a kunnensa. "Tsarinsu muka ɗauko," in ji shi. "Ga shi an ba mu Yobe, mu ma da sanatocinmu." Bai taɓa tambayar ko shanun sun sha ruwa ba. Nonon dai yana shan sa da fura.

Bayan la'asar yakan tsaya gaban takardar da tsumagiya, ya nuna mutum, ya faɗi sunansa da jiharsa, Sabo na zaune a tabarma yana maimaitawa. Daidai lokacin nake dawowa daga kiwo. Sai na ɗaure shanu a turke, na jiƙa dusa, na sauko da harawa daga kan rumfa, na ja ruwa a rijiya har hannuna ya yi kanta. Abin da na samu na karatun shi ne abin da kunnena ya tsinta ina wucewa da bokiti a ka. Sabo kuwa tuni ubansa ya fara nuna masa baƙaƙen boko. Ni ba wanda ya nuna mini ko ɗaya.

Amma kafin ya rasu, babana dillali ne a kara, kasuwar shanu, kuma duk Laraba yakan tafi da ni. Yakan ce, "Kada ka dubi launi, launi kowa na gani. Dubi goshi, dubi zaman ido, dubi kunne." Da haka yake gane saniyar da ya sayar shekara biyu baya a cikin garke. Sai na ɗauki mutanen nan kamar garke. Mai doguwar fuska da faɗin baki, Kentucky. Mai katon goshi da idanu a can cikin rami, Massachusetts. Wanda gashinsa ya miƙe kamar an tsorata shi, Carolina ta Kudu. Mai sanƙo da tabarau, Ohio. Mace ɗaya ce, ta Maine. Baƙar fata ɗaya ne, na Mississippi, shi na fi daɗewa ina kallo. Sunayen ma na riƙe su, amma na daina faɗinsu tuntuni, ba kuma zan faɗa yanzu ba. A dajin hanyar Mamudo sauran yara na langa da ƙwallon tsumma, ni ina zana layi goma sha biyu a yashi ina bi ɗaya bayan ɗaya, har wani yaro ya ce aljanu sun taɓa ni. Na fasa masa baki.

Ranar gwaji Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci. Baffa ya kira maƙwabta su shaida, har da Alhaji Ɗanladi, Bakanon da ke da shago a bakin layi. Inna na tsaye bayan zana tana saurare. Sabo ya fara, ya kawo bakwai, ya tsaya yana susar ƙeya. Da aka zo kaina na kawo goma sha biyu. Baffa ya faro daga ƙarshe, na kawo. Ya riƙa tsallake-tsallake da tsumagiyar, ban faɗi ko ɗaya ba. Alhaji ya tuntsire da dariya ya ce, "Kai! Wannan yaro sai ka ce a can aka binne cibiyarsa."

Baffa bai yi dariya ba. Ya ɓamɓaro takardar daga bango, takardar da ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai, ya zaro reza daga aljihu, ya yanke rubutun daban, fuskokin daban. Ya tura fuskokin ƙarƙashin cinyarsa, ya watsa guntayen rubutun a tabarma, ya ce, "To, karanta." Na dube su. Ba goshi, ba ido, ba kunne. Sabo ya yi ta in-ina har ya fitar da huɗu. Baffa ya juya ga mutane ya ce, "Kun gani? Wannan ba karatu yake ba, kiwo yake. Idon shanu ne da shi, can ya dace." Daga bayan zana Inna ta ce, "Yaya, ba haka ka faɗa ba. Kuma ai don a koya masa za a kai shi." Ya ce mata ba a kira ta ba. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya lalubi takalminsa, ya fita. Sauran suka bi shi.

Ranar Litinin Sabo ya sa farar riga da gajeren wando. Ni na kwance shanu. Ban yi kuka ba, ban kuma sake zama a zauren nan ba.

Sabo ya yi karatu har sakandaren Mamudo, yanzu akawu ne a Damagum. Na taɓa tambayarsa wace jiha ce ta mai sanƙo, ya ce wane mai sanƙo. Da Baffa ya rasu na je na yi masa salla, na bi shi maƙabarta, daga can na wuce kara. Ban yafe ba, ban kuma yi kamar na yafe ba.

Yau ni dillali ne, ba wanda zai sayar mini da saniyar sata. 'Ya'yana shida ne, maza da mata, duk suna makaranta, kuma ban gwada ko ɗaya ba kafin in kai shi. Su a wayar hannu suke ganin Amurka, ba ta dame su ba. Da safe in na bi ta bayan firamare na ji yara na maimaita karatu da murya ɗaya, sai in ga na rage sauri ban sani ba. Ko yini ɗaya ne, na so in zauna a bencin aji.